Amsa ga almajirina kan kalmar "toll"

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa ƙamus ɗin Turanci da Khmer (harshen ƙasar Kambodiya) da ɗalibanka ke riƙe da shi ya haɗa kaɗa ƙararrawa da kuɗin hanya a ƙarƙashin kalmar "toll". Kalmomi biyu ne da rubutu ya gama su. Ta kuɗi ta biyo ta Latin daga Girkanci, inda take nufin wurin karɓar haraji, ta ƙararrawa kuwa daga wata tsohuwar kalmar Turanci ce mai nufin ja, tunda igiya ake ja. Kuma ba kowane bugu ake kira haka ba, sai wanda ake yi a hankali, ɗaya bayan ɗaya, galibi don sanar da rasuwa. 

Ɓangaren kuɗin ne har yau yake ci mini rai. A shekarar 2022, da aka buɗe babbar hanyar da ta tashi daga Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, zuwa garin Sihanoukville, mai tsawon kilomita 187, wani mai manyan motoci ya kawo mini yarjejeniyarsa da wani baƙon ɗan kasuwa domin a mayar da ita Turanci. Wata gaɓa ta ce mai kaya, wato baƙon, shi ne zai biya kuɗin shingen hanya. Yaron da ke yi mini rubutun farko, ɗan ƙasar ne, ya tambayi wayarsa kamar yadda samarin yanzu suka saba, ya rubuta "fare", wato kuɗin mota. Na gani, na ja masa jan layi, na ajiye takardar a kan teburina. Ina cikin aji mai motocin ya zo da gaggawarsa, ya matsa wa yaron ya buga masa wadda ba a gyara ba, suka je suka sa hannu. Da motoci suka fara bin hanyar, mai kaya ya ce shi ya biya kuɗin mota, kuɗin shinge ba ruwansa, kuma takarda tana bayansa. Mai motocin nan ya san sarai abin da ya ɗauka, amma ya riƙe mini ladan aikin mako uku, ya kuma bi abokan sana'arsa yana cewa ban iya Turanci ba. Biyu daga cikinsu ba su sake tako ƙofata ba.

Saboda haka ka sa ɗalibanka su bambanta ukun nan da baki: "fare" na abin hawa, "toll" na hanya ko gada, "fee" na hidima. Ka lura kuma harshen Khmer ba ya tara baƙaƙe a ƙarshen kalma, don haka "told" kan fito musu kamar "toll". Gobe ka zo aji da rasit na shingen hanya, ka sa kowa ya karanta shi da ƙarfi.