Benen haya a layi mai mita 10: ina za a ajiye motocin?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce wani zai tayar da bene a layinku na unguwar Zariya da ke Maradi, gidajen haya 12 da shaguna uku a ƙasa, a fili mai mita 20 a 25, layin kuwa faɗinsa mita 10 ne, kana tambaya ko kuna da ikon hana shi saboda cunkoson motoci. Hana shi ginin kam da wuya, in dai takardunsa sun cika. Abin da ke hannunku shi ne a gyara zanen tun ba a haƙa tushe ba, don in aka zuba kankare magana ta ƙare.

Ku fara da lissafi, kada ku je masa da "za a takura mana" kawai. Mu ɗauka rabin masu hayar ne za su zo da mota, shida ke nan. Babur kuwa ka sa ɗaya a kowane gida, ka ƙara na samarin gida, ka ce 15. Mota ɗaya tana cin mita 2 da rabi a faɗi, mita 5 a tsawo. Inda masu gini ke yaudarar kansu shi ne wurin juyawa: motar da ta shiga da kai sai ta samu mita 6 a bayanta kafin ta fita ba tare da ta gogi bango ba. Saboda haka ake lissafa murabba'in mita 25 zuwa 28 ga kowace mota, shida su cinye kusan 165. Babur mita 1 a 2 ne, 15 su ci 30. Ka ga kusan 200 sun tafi daga cikin 500 ɗin filin, ba a yi maganar matakala da ramin shadda ba. In zanen ya nuna gini ya cika fili bango da bango, an bar ɗan lungu na mita 3, to amsar a fili take, a layinku za su kwana.

Shi kuma layin, mita 10 ɗin a takarda yake. Ka fita da igiyar awo ka gani. Wannan ya yi dakali, wancan ya fito da gangaren siminti na shiga gareji, ga iccen bedi, ga turken wuta, ga tulin yashin da wani ya zube tun bara. Kowane gefe ya ci mita ɗaya da rabi, saura 7. Mota ta tsaya dama, wata ta tsaya hagu, kowace mita 2, saura 3. Adaidaita da amalanke za su wuce. Motar yashi ko ta kwasar shadda, mai faɗin mita 2 da rabi ban da madubai, sai an riƙa yi mata "zo, zo, tsaya". Motar ƴan kwana-kwana tana son akalla mita 3 da rabi, ita kuwa ba ta jiran a tashi mai mota daga barci. Da damina, tsakiyar nan da ta rage ita ce hanyar ruwa, yashi ya yi laushi, ƙaramar mota ta kafe. Ranar da aka kafa rumfar suna ko zaman makoki kuwa, layi ya rufe ke nan gaba ɗaya.

Mafita iri biyu ce a fili irin wannan. Ta farko, a janye ginin baya da mita 5 da rabi daga bakin layi, motoci su jeru da kai a gaba. Fuskar mita 20, a cire 3 na ƙofa, ragowar 17 ta ɗauki mota shida, har a samu ragowar mita 2, layin kansa ya zama wurin juyawa. Ta fi araha, amma tana toshe gaban shaguna, kuma ba mai barin motarsa a waje ba mai gadi da fitila. Ta biyu, a bar rabin ƙasan benen a buɗe bisa ginshiƙai. Nan sai a kula da tazara: tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi a bar mita 5 da ɗigo 4 don mota biyu su shiga. Magini in an bar shi da al'adarsa mita 3 ko 4 zai yi, sai a wayi gari da rumfar da mota ɗaya ke shiga a karkace. Tsayi daga ƙasa zuwa ƙarƙashin bim, wato kankaren da ke gicciye bisa ginshiƙai, kada ya gaza mita 2 da ɗigo 3.

Abu biyu da ake mantawa. Ana ɗaga daɓen gida sama da layi saboda ruwa, hakan daidai ne, amma in an ɗaga santimita 40, gangaren yana bukatar kusan mita 3, kuma a cikin gida ya kamata ya zauna. Mafi yawa waje ake turo shi ya ci layi, ya karkatar da ruwa ƙofar maƙwabci. Sai ramin shadda: sau da yawa a daidai inda mota za ta tsaya ake haƙa shi, a rufe da siririn kankaren da ba a yi don nauyin mota ba. Ko a kauce masa, ko a faɗa wa mai lissafin ƙarfe tun farko.

Ni a ganina shagunan sun fi gidajen haɗari. Mai haya mota ɗaya gare shi, da safe ya fita. Amma a garin kasuwanci irin Maradi, shago yau na tela ne, gobe ya koma ma'ajiyar shinkafa ko siminti, babbar mota ta zo sauke kaya ta tare layi daga hantsi har la'asar. In kuma aka ba mai gyaran babur ko mai wankin mota, gaban gida huɗu ya zama nasa. Ku tsaya a kan wannan fiye da komai.

Yadda za ku bi: ku samu mai unguwa da liman, mutum uku ko huɗu su je wajen mai ginin cikin mutunci, su roƙi ganin zanen da ke nuna zaman ginin a cikin fili, da takardar izinin gini. Ku tafi da awon layin da hotunan da aka ɗauka bayan isha, lokacin da kowa ya dawo gida. In ya saurare ku, a rubuta: wuri mai lamba ga kowane gidan da ke da mota, ɗakin babura mai ƙofa a ciki, babu babbar motar da za ta kwana a layi, da irin sana'ar da ba za a ba shago ba. Ya sa waɗannan cikin takardar hayar kowa, don mai haya abin da ya sa wa hannu kawai ya sani. In ya ƙi, ku rubuta takarda da Faransanci zuwa sashen tsara gari na ma'aikatar magajin gari, ta gundumar da kuke ciki daga cikin ukun nan na Maradi, masu gidajen layin su sa hannu, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimi da kwanan wata.

Sai dai, Alhaji, kafin ku je ku duba ƙofofinku. Layi na hukuma ne, ƙofar gidanka ba filinka ba ce. In ma'aikata suka zo awo, dakalinku da gangarenku da tayoyin da aka binne don kama wuri za su fara gani, kuma mai benen shi zai fara nuna musu. Wanda gangarensa ya fito fiye da kima ya rage shi tun yanzu.