Amsa ga Maman Yara: kiran da malamin ba da shawara ya yi miki

Hajiya, kin ce malamin ba da shawara na makarantar ɗanki da ke aji uku na ƙaramar sakandare ya aiko a kira ki, kina tsoron ko laifi yaron ya yi. Ki kwantar da hankalinki. Shi ba malamin horo ba ne, ba ya riƙe bulala.

A ƙarshen wannan ajin ne ake raba yara: kimiyya, fasaha ko kasuwanci. Nan aikinsa ya fi yawa. Zai duba sakamakon yaro, ya ji abin da yake so ya zama, sannan ya faɗa muku gaskiya. Mai son likitanci dole ya haɗa Turanci, fiziks, kemistiri da bayoloji a JAMB, jarrabawar shiga jami'a, ba a canza wannan daga baya cikin sauƙi. Ƙanwata ta bi ƙawayenta ajin kasuwanci don ba wanda ya zaunar da ita, sai a aji shida ta ce aikin jinya take so. Ranar kuka ta yi sosai, har yau abin yana damuna.

Kuma ba karatu kaɗai ba. A wata makaranta kusa da Kurna a Kano, yarinya kullum gyangyaɗi a aji, ana ta dukanta. Malamar shawara ce ta gano tallan koko take fita tun asuba, ta je har gida ta sami uwar.

Ki je da kanki, Hajiya, ki tafi da katin sakamakonsa na zangon da ya wuce. In Baban yaro zai samu hali, ku je tare.