Ko in mayar da tankar man fetur ta dakon asid?

Tambayar wannan mako ta fito daga wani ɗan kasuwa a Sakkwato. Yana da tankar mai mai cin lita 33,000 da ta daɗe a ajiye, an yi masa tayin dakon asid daga Legas, kuɗin kuma ya fi na fetur tsoka. Wani mai walda ya ce zai shafe cikinta da fenti mai kauri, magana ta ƙare. Yana so ya san ko ya zuba jarinsa.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka ba mai walda ko sisi, koma wurin wanda ya kawo maka tayin ka tambaye shi: wane asid ne, kuma mene ne ƙarfinsa? Duk lissafinka a kan amsar nan zai tsaya, domin kowane asid da irin tankar da yake yarda da ita. Asid ɗin haidirokulorik yana cin baƙin ƙarfe da alminiyam, har ƙarfen nan da ba ya tsatsa bai bari ba. Shi sai tankar da aka shimfiɗa wa roba a ciki, ko wadda aka ƙera da faiba. Naitirik kuwa robar yake lalatawa, ƙarfe marar tsatsa ake nema masa. Salfurik, uban ruwan batir, halinsa ya fi ban mamaki: idan mai ƙarfi ne, kashi 93 zuwa 98 cikin ɗari, ana ɗaukarsa a tankar baƙin ƙarfe ba shimfiɗa, amma da zarar ruwa ya surka shi sai ya koma cin ƙarfen. Ragowar ruwan wanki a gindin tanka ya isa ya fara ɓarna.

Fentin mai walda ba shimfiɗa ba ne. Aikin gaske sai an kankare cikin tankar da yashi mai ƙarfin iska, a goge kowane layin walda ya yi sumul, a manna robar, a gasa ta da tururi. A Amurka, inda tankar irin wannan kaya ke da tsarinta mai suna DOT 412, doka ta ce a duba shimfiɗar duk shekara, ta roba kuma da na'urar tartsatsin lantarki ake bin ta don gano hudar da ido ba ya gani. Wadda ba ta da shimfiɗa ana auna kaurin ƙarfenta duk shekara 2. Dokar tasu ce, amma asid bai san iyakar ƙasa ba, kuma huda kamar ta allura ta isa ya ratsa bayan robar ya cinye ƙarfen a ɓoye. Ƙara da zafin Sakkwato, da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, da ramukan hanyar Kontagora zuwa Yawuri.

Sai nauyi, wanda masu tayi ba su cika faɗa ba. Lita ɗaya ta fetur ba ta kai kilo ɗaya ba, ta salfurik mai ƙarfi kuwa kilo 1.84 ce. Tankarka cike da fetur wajen tan 24 take ɗauka. Ka cika ta da salfurik, ta haura tan 60. Dole ka yi rabin lodi, rabin lodi kuma tangal-tangal yake yi a kwanar hanya. Shi ya sa tankokin asid suke sirara. Bawul da tiyo da murfin tankar mai su ma duk sai an sauya.

A lissafin riba, ka tuna tankar da aka shimfiɗa wa roba ta bar fetur ke nan har abada, kuma galibi wayam za ta koma Legas. Kuɗin dako ɗaya ne zai biya gas na zuwa da dawowa, da inshora, da kayan kariyar direba da yaron mota. Akwai kuma takardu: salfurik da haidirokulorik suna cikin sinadaran da ake sa wa ido saboda masu haɗa miyagun ƙwayoyi, don haka ka ga izinin NAFDAC na mai kayan da idonka kafin ka yi lodi.

Ni dai da kuɗina ne, ba zan taɓa tsohuwar tankar ba. In ƙarfenta na da sauran lafiya, ta koma dakon mai ko a sayar. Ka fara da tankunan roba masu lita 1,000 waɗanda aka ƙera don sinadarai, a kan buɗaɗɗiyar mota, ka ga ko masu saye a nan sun kai yawan da aka kwatanta maka. Idan mai tayin ya yarda ya sa hannu a kwangilar shekara guda, da sunan asid ɗin da yawan lodi a rubuce, lokacin ne za ka nemi farashin tankar da aka ƙera don wannan asid ɗin tun daga masana'anta.