Tambayoyinku kan maganin mantuwa da gigin tsufa

Assalamu alaikum. Wannan makon yawancin saƙonnin da suka shigo a kan tsofaffi ne masu mantuwa da magungunan da ake rubuta musu, to ga waɗanda na zaɓo.

Wata baiwar Allah daga Azare ta rubuto: Likita Innarmu ta haura saba'in, sai ta yi tambaya ɗaya sau biyar, ta ajiye kuɗi ta manta ta ce jikoki ne suka ɗauka. An ɗora ta a kan donepezil 5mg wata biyu kenan amma wallahi ba mu ga ta dawo yadda take ba, ga tsada. Mu daina ne?

Allah ya ba Inna lafiya, ke kuma ya saka miki. Kar ku daina tukuna, amma ina so ki san me maganin nan yake yi don kar ki jira abin da ba zai zo ba. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari asitilkolin wanda jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi, a cutar Alzheimer, wato wani nau'in gigin tsufa, yana raguwa, to donepezil abin da yake yi shi ne ya hana a lalata ɗan wanda ya rage da wuri, haka ma 'yan uwansa rivastigmine da galantamine. Ba ya tayar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka riga suka mutu kuma ba ya tsayar da cutar, sassauci yake kawowa, wani zaki ga ya ɗan ƙara natsuwa yana bin hira yana gane lokacin sallah, wani kuma ba ci gaba ba ci baya, kuma wannan tsayawar wuri ɗaya na wasu watanni ita ma riba ce tunda cuta ce mai tafiya gaba kullum. Akwai wanda ba ya yi masa komai, gaskiya kenan.

Sannan 5mg mafari ne. Yawanci bayan sati 4 zuwa 6 in jiki ya karɓa ana ƙarawa zuwa 10mg, kinga ke nan lokacin komawarku asibiti ma ya yi. Ki samu littafi ki riƙa rubuta abin da take iya yi da kanta, alwala, sa kaya, gane mutanen gida, ki kai wa likita, ya fi ki ce masa "ba canji" kawai. In kuɗin ne matsala ki faɗa masa kai tsaye, akwai na kamfanoni daban daban da suka fi Aricept, wato donepezil na kamfanin asali, sauƙi kuma sinadarin ɗaya ne, ki dai duba lambar NAFDAC. Sha yau a tsallake sati saboda babu kuɗi ba ya amfanar da ita.

Wani ɗan'uwa daga Kumo ya ce: Tunda Baffana ya fara maganin yake zawo da tashin zuciya, yana mugayen mafarkai, shekaranjiya kuma jiri ya kwashe shi ya faɗi a bakin masallaci.

Malam wannan faɗuwar ita ta fi damuna, ka kai shi asibiti yau ba gobe ba, kuma kar a ba shi na gaba sai likita ya gan shi. Magungunan nan suna iya rage bugun zuciya, balle in yana shan wasu magungunan hawan jini irin su atenolol da su ma suke ragewa, sai mutum ya riƙa suma, tsoho kuwa in ya faɗi ya karya ƙugu wata jinyar ce daban. A ƙirga bugun a yi masa gwajin zuciya na ECG, ka tafi da duk kwalayen magungunan da yake sha har na gargajiya.

Zawo da tashin zuciya da rashin cin abinci kam sanannu ne, sau da yawa suna lafawa bayan 'yan kwanaki, shan sa bayan an ci abinci yana taimakawa. Mafarkin kuma in da dare yake sha likita kan mayar da shi safe. In ciki ya ƙi sam akwai rivastigmine na mannawa a fata kamar filasta, ana canzawa kullum, sai dai samunsa a nan da wuya kuma ya fi tsada. Mai gyambon ciki ko asma shi ma a faɗa wa likita tun farko.

Daga unguwar Wunti a Bauchi: Babanmu ya fara mantuwa, maƙwabcinmu ya ba ni sunan maganin da aka rubuta wa mahaifiyarsa ya ce in saya a kemis. Zan iya?

A'a, don Allah kar ka saya. Ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo ta (masu ciwon suga da suka daɗe a kan metformin suna yawan samun haka), raunin aikin ƙwayar maƙoshi (thyroid) yana kawo ta, ciwon damuwa ma bayan rasuwar abokin zama ko ritaya, har rashin ji sosai kan sa a ɗauka tsoho ya rikice alhali bai ji abin da aka ce ba ne. Waɗannan duk suna da nasu maganin kuma mutum na iya warwarewa. In kuma ruɗewar cikin kwana biyu uku ta zo, wannan ba gigin tsufa ba ne, ana neman zazzaɓi ko ciwon mafitsara ko suga ya sauka ko shanyewar ɓarin jiki, gaggawa ce.

Abin da ke ba ni takaici shi ne magungunan da ke cikin gidajenmu da ke ƙara dagula ƙwaƙwalwar tsoho ba a sani ba, Piriton na mura, amitriptyline da ake ba su don barci ko ciwon jijiya, diazepam. Wani ana janye masa su a hankali sai ka ga ya farfaɗo. Kuma a wajenmu da hawan jini ya yi yawa, mantuwa da dama daga toshewar ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa take, a nan daidaita hawan jini da suga shi ne babban aikin. Ka kai Baba asibitin koyarwa na ATBU ka nemi ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa, na Gombe kuma akwai asibitin koyarwa na tarayya, kuma wanda yake zaune da shi kullum ya raka shi don shi zai ba da labarin daidai.

Wata 'yar'uwa daga Bajoga: Goggona ba ta gane 'ya'yanta yanzu, tana fita cikin dare tana faɗa, wasu na cewa iska ce wasu sammu, har an fara mata kallon mayya. Muna ba ta maganin barci don mu samu mu runtsa.

Wannan saƙon ya taɓa ni. Goggo ba mayya ba ce, mara lafiya ce, ƙwaƙwalwarta ce ta gaji, kuma ku tsaya mata a gaban duk mai wannan maganar. Addu'a ku ci gaba da yi, amma kar a ɗaure ta kar a turara mata hayaƙi har ta shaƙe. In cutar ta yi nisa haka akwai memantine, hanyarsa daban ce, yana kare jijiyoyi ne daga yawan wani sinadari gulutamet, ana farawa da 5mg ana ƙarawa sati sati har 20mg, in ƙoda ba ta da ƙarfi ana ragewa, wani lokacin ana haɗa shi da donepezil. Yana iya rage fushi da tashin hankalin kaɗan, yana iya kawo jiri ko taurin bayan gida.

Maganin barcin nan kuwa yana ƙara mata ruɗewa da faɗuwa, amma in ta daɗe tana sha kar ku yanke lokaci guda, likita ya rage mata. Magungunan taɓin hankali, haloperidol da irinsa, an tabbatar suna ƙara haɗarin shanyewar jiki da mutuwa ga masu wannan cutar, sai in ba makawa kuma na ɗan lokaci. Ku duba ko wani ciwo ke damunta ta kasa faɗa, haƙori, gwiwa, fitsari. Ku fitar da ita ta sha hantsi, a rage barcin rana, kar a ba ta shayi da goro bayan la'asar, a bar fitila a ɗakin, a sa wa ƙofar zaure sakata can sama. Ku kuma raba kwana tsakaninku, mutum ɗaya ba zai iya ba.

Na ƙarshe daga Gombe: Na gani a Facebook wai an samu allurar da ke warkar da cutar a Amurka.

Akwai lecanemab da aka amince da shi a Amurka a 2023 da donanemab a 2024, yawanci ƙarin ruwa ne ta jijiya, suna ɗan rage saurin cutar ga wanda take farkonta, ba sa warkarwa. Suna iya jawo kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa shi ya sa sai da hoton MRI akai akai, kuma lokacin da lecanemab ya fito a 2023 kuɗinsa kaɗai ya kai kusan dala dubu 26 a shekara. Duk wanda ya tallata maka kwalba a waya ya ce ita ce, ba ita ba ce, kar ka tura masa ko sisi.