Amsa: Shin kuɗi na buɗe ƙofar manyan jami'o'in Amurka?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ɗan talaka mai ƙoƙari da ɗan attajiri damarsu ɗaya wajen shiga irin su Harvard. Gaskiya ba ɗaya ba ce, kuma abin yana ci mini rai.

A 2023 masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa sun gano cewa ko da makin jarrabawar SAT, wadda ake yi don neman shiga jami'a a Amurka, ya zo daidai, yaron da iyayensa ke cikin kashi 1 cikin ɗari mafi arziki ya ninka ɗan masu matsakaicin ƙarfi damar zama ɗalibin waɗannan jami'o'i. Babban dalili shi ne fifikon da ake ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Sai wasanni irin su tseren kwale-kwale da wasan takobi, waɗanda makarantun talakawa ba su da kayansu. Ga kuma wasiƙar shaida: malamin makarantar kuɗi mai ɗalibai kaɗan zai zauna ya tsara ta da kyau, na makarantar gwamnati kuwa ɗaruruwan yara ne a wuyansa.

A mafi yawan jihohin Amurka, duk wannan doka ba ta hana ba. Na haram ɗin ya fito fili a 2019, lokacin da aka gurfanar da Rick Singer, wani mai ba da shawara kan shiga jami'a, kan karɓar kimanin dala miliyan 25 daga iyaye don shigar da 'ya'yansu jami'o'i ta hanyar maguɗi. Har hoton yara ake haɗawa don a nuna 'yan wasa ne.

Amma kada ƙaninka ya karaya. Jami'ar MIT ba ta duba ko uban yaro ya yi karatu a can, Johns Hopkins ma ta daina tun 2014. Ya fara neman irin waɗannan.