Shanun turka: tari bayan saye, kumburin ciki, da hanyar zama likitan dabbobi

Tambaya: Na sayo bijimai shida a kasuwar Potiskum don turka. Kwana biyar da sauke su daga mota, biyu suka fara tari, majina na zuba, sun ƙi abinci. Na yi musu allurar oxytetracycline mai dogon aiki, cc goma kowanne, amma babu sauƙi.

Amsa: Alhaji, wahalar hanya ce mafari. Sa ya yini a tsaye cikin mota, ga cunkoso, ga ƙura, ga ƙishirwa, sai ƙarfin jikinsa ya ragu, ƙwayoyin cutar da dama suke zaune a hancinsa su gangara huhu. Galibi a makonni biyun farko ake ganin haka. Ka ware marasa lafiyar yau, da wurin shan ruwansu daban, ka sa ma'aunin zafi a dubura. Lafiyayyen sa yana tsakanin digiri 38 da 39, idan ya kai 40 zazzaɓi ne.

Allurar da ka yi ta yi kaɗan. Wannan magani, mai ƙarfin kashi 20 cikin ɗari, cc ɗaya ake ba kowane kilo goma, ka ga cc goma na ɗan maraƙi mai kilo 100 ne. Maganin da bai kai ba yakan ƙara wa ƙwayar cuta taurin kai ne kawai. In babu sikeli, ɗauko tef ɗin tela. Auna kewayen ƙirji daf da bayan ƙafafun gaba, sannan tsawo daga kan kafaɗa zuwa ƙashin gindin wutsiya, duka da santimita. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 10,840. Mai kewaye 160 da tsawo 130 zai ba ka kusan kilo 307, wato cc 30, a raba gida biyu ko uku a tsokar wuya. Kada a yanka ko a sayar wa mahauta sai kwanakin jiran da ke jikin kwalbar sun cika.

Abin da ya fi damun mu shi ne ciwon huhu mai yaɗuwa. Idan sa ya tsaya ya ware ƙafafun gaba, ya miƙe wuya, yana nishi duk numfashi, ka kira jami'in dabbobi na yankinku kafin ka sake wata allura. Magani kan danne alamun wannan ciwo, dabbar ta yi kamar ta warke alhali tana ɗauke da shi tana raba wa sauran. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin rigakafinsa, lafiyayyu ake yi wa duk shekara, kuma a cikin ƙanƙara ake ɗauko shi. Nan gaba, duk sabon saye ya yi mako uku zuwa huɗu a killace.

Tambaya: Na ƙara wa sana dusa da tsakin masara don ya cika kafin Babbar Sallah. Washegari cikinsa ya kumbura ta hagu, yana zawo mai tsami.

Amsa: Malam, gaggawa ce ta jawo. Tumbin da ya saba da ciyawa, aka danƙara masa hatsi dare ɗaya, tsami ke taruwa a ciki har tumbin ya daina motsi. Janye hatsin gaba ɗaya, ka bar masa busasshiyar ciyawa ko karmami. Idan kumburin mai kumfa ne, rabin lita na man gyaɗa yakan sauke shi, amma a ɗura a hankali, kada a ɗaga kan sosai, don man da ya shiga huhu ya fi kumburin illa. Sa da ya kwanta ko yake haki, aikin likita ne nan take. In ya farfaɗo, ka fara da rabin kilo na dusa a yini, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako uku, safe da yamma, harawa ta riga hatsi shiga ciki.

Tambaya: Ɗana yana son zama likitan shanu, har ya koyar a jami'a. Ta ina zai fara?

Amsa: Ya riƙe darussan kimiyya da Turanci tun daga sakandare. Karatun shekara shida ne, ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da jami'o'in Sakkwato da Maiduguri da wasu. Bayan ya gama sai rajista da hukumar likitocin dabbobi ta ƙasa. Koyarwa da bincike na buƙatar digiri na biyu da na uku. Kafin nan, ka riƙa sa shi yana rubuta zafin jiki, nauyi da maganin kowane sa a garkenku, da ranar da aka ba shi.