Neman takardun horo daga kamfanin jiragen sama da ya durƙushe

Ɗana, ka ce sabon kamfanin da kake neman aiki a wurinsa ya buƙaci takardun horonka, alhali kamfanin da ka yi wa aikin mataimakin matuƙi ya durƙushe, an rufe ofishinsa, babu mai ɗaga waya. Kada ka ɓata lokacinka a bakin ƙofar da aka garƙame, domin tarihin matuƙin jirgin sama ba a wuri ɗaya ake ajiye shi ba.

Ka fara da hukumar da ta ba ka lasisi, wato Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA. A fayil ɗinka da ke wurinta akwai lasisin, da samfurin jirgin da aka amince ka tuƙa, da shaidar lafiyarka, da sakamakon jarrabawar da aka miƙa mata duk lokacin da ka sabunta izini. Ka rubuta mata ka nemi takardar tabbatar da lasisi, wadda galibi kai tsaye ake aika wa kamfani ko hukumar ƙasar da za ka je, kuma ta fi duk abin da za ka kai da hannunka nauyi.

Wuri na biyu shi ne wanda matasa suka fi mantawa da shi, kuma a ganina ya fi kowanne amfani. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ta tanadi a gwada ƙwarewar matuƙin jirgin kasuwanci sau 2 a cikin shekara, kuma yawancin kamfanoninmu ba su mallaki na'urar kwaikwayon tuƙi, wato simuleta, ba, hayarta suke yi a cibiyoyin horo, da yawansu a ƙasashen waje. Kamfaninka ya mutu, amma cibiyar tana nan da ranta, tana da rajistar ranar da ka shiga simuleta da sa'o'in da ka yi a ciki. Ka duba littafinka na sa'o'in tashi, ka fitar da ranakun, sannan ka rubuta musu da cikakken sunanka da lambar lasisinka. Haka nan ka nemi kyaftin ɗin da ya jarraba ka da shugaban sashen horo na wancan lokacin, domin ma'aikatan kamfanin da ya rushe watsuwa suke yi zuwa wasu kamfanoni, kuma wasiƙar mai jarrabawa ɗauke da lambar izininsa shaida ce da ake girmamawa.

Su kuwa ainihin fayilolin kamfanin, idan kotu ce ta rufe shi, suna hannun wanda aka naɗa ya tattara kadarorinsa ya biya basussuka. Za ka iya gano shi ta Hukumar Rajistar Kamfanoni ko Babbar Kotun Tarayya. Ka rubuta masa, amma kada ka zauna jiransa, saboda hankalinsa yana kan masu bin bashi.

Duk wasiƙar da ka aika ka riƙe kwafinta da shaidar an karɓa. Wannan yana da muhimmanci musamman idan aikin a Amurka yake, inda tun 1996 doka ta wajabta wa kamfani binciken tarihin matuƙi kafin ya ba shi jirgi, amma ta yi sassauci idan tsohon kamfanin ya daina wanzuwa, muddin akwai shaida a rubuce cewa an nema da gaske.

Abin da nake roƙonka da shi shi ne kada ka ɗauki mutuwar kamfanin a matsayin damar ƙara sa'o'i ko ɓoye jarrabawar da ka taɓa faɗuwa. Bayan hatsarin jirgin Colgan Air kusa da birnin Buffalo na Amurka a 2009, wanda ya kashe mutum 50, bincike ya nuna kamfanin bai san duk jarrabawoyin da kyaftin ɗin ya faɗi a baya ba, kuma wannan ne ya sa Amurka ta kafa rumbun bayanan matuƙa na ƙasa baki ɗaya. Faɗuwa sau ɗaya da aka gyara da ƙarin horo ba ta cika hana mutum aiki ba, amma ƙarya a takardar neman aiki tana iya raba shi da lasisinsa. Inda aka sami giɓi, ka bayyana shi a takardar rantsuwa ta kotu, ka haɗa da littafin sa'o'inka, ka kuma gaya musu a shirye kake su gwada ka a simuleta ranar da suka ga dama.